Yadda Ake Samun Barci Mai Daɗi Idan Za a Kwana a Fili

Shekarar da na fara raka yayana casar shinkafa a wata fadama da ke gefen kogin Kaduna, farkon watan Disamba ne, na tafi da barguna biyu masu kauri da tabarmar roba guda ɗaya. Wajen ƙarfe 3 na dare na farka haƙorana na haɗuwa, bayana kamar an jingina shi da ƙanƙara, ga kuma bargunan nan a kaina ban yaye ko ɗaya ba. Wani dattijo da muke aikin tare, wanda duk kaka a gona yake tarewa, ya ji motsina ya ɗago kai.

Ya ce, "Ɗana, sauke bargo ɗaya ka mayar da shi ƙasa."

Na ce, "Baba, ai ko da biyun ban ji ɗumi ba."

Ya ce, "Sanyin da ke cin ka ta ƙasa yake hawowa. Tashi."

Ya miƙo mini buhunan wofi uku, muka cusa musu karan shinkafar da aka casa, muka jera su. Na ninka bargo ɗaya a kai, na lulluɓa da ɗayan. Ban sake sanin inda nake ba sai da aka tashe ni sallar asuba.

Tun daga nan na kwana a waje sau da dama: a gona, a sansanin horar da matasa, a filin makaranta lokacin taron wa'azi, har da kan dutse. Abin da na tara shi zan zayyana daki-daki, domin ɗan agajin da za a kai sansani, da manomin da zai tare a gona lokacin girbi, da samarin da ke son kwana kusa da Kufena ko duwatsun Kagoro, da maniyyacin da ke jiran daren Muzdalifa, inda ba rufi sai sararin sama. Kusan duk aikin tun rana ba ta faɗi ba ake yin sa.

Kafin ka ɗaure kaya

Fara da tsaro, domin wanda ransa ba a kwance yake ba, ko wace irin katifa aka ba shi ba zai runtsa ba. Mu mutanen Kaduna ba sai an yi mana dogon bayani ba. Dazuzzukan Birnin Gwari, har da gandun Kamuku, da wasu dazukan gefen hanyar Abuja, sun daɗe da fita daga wuraren da mutum zai je kwana don nishaɗi. Kada hoton wani wuri mai kyau da ka gani a waya ya ja ka. Tambayi mutanen yankin a makon da za ka tafi, kada ka dogara da labarin bara. Idan kun isa, ku fara zuwa gaida mai unguwa ko dagaci, ku faɗa masa ku nawa ne, kwana nawa za ku yi, kuma ina za ku sauka. Shi zai haɗa ku da 'yan sintirin garin, ya kuma gaya muku inda ba a taka wa. A gida ka bar sunan wurin da ranar dawowa a hannun wani. Kada ka kwana kai kaɗai. In karon farko ne, fara da wuri mai shinge: filin makaranta, gonar da ke bakin gari, kai ko tsakar gidanku ma ta isa a gwada kaya.

Sai ka dubi lokaci. Kayan hunturu daban, na bazara daban, na damina daban. A Disamba da Janairu sanyin asuba a Kaduna yakan sauko ƙasa da digiri 15, ga iska mai ƙura. Maris da Afrilu zafi ne. Daga Mayu zuwa Oktoba ruwa ne, Agusta kuwa marka. Na fi yin magana a kan hunturu domin shi ne lokacin da aka fi kwana a waje, kuma shi ya fi yaudarar mutum: da la'asar kana gumi, sai ka raina daren.

Kayan ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. A layin 'yan gwanjo na Kasuwar Barci da ke Tudun Wada za ka samu bargo, da rigar sanyi, da safa mai kauri, da hular sanyi, wani lokaci har da jakar barci, wato bargon nan da aka ɗinke kamar buhu mutum ya shige ciki. In ka samu, ja zif ɗinta sama da ƙasa a gaban mai kayan, sannan ka wanke ta ka shanya a rana kafin tafiya. Tamfol da igiya da tabarma suna nan a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Turakun tanti kuwa, shawarata ka je kasuwar Panteka, wajen masu aikin ƙarfe, a yanka maka rodi tsawon santimita 30, a fiƙe ƙarshe ɗaya, a lanƙwasa ɗayan. Siraran turakun da ke zuwa a cikin jakar tanti ba sa iya ƙasar rani, bugu biyu sun tanƙware. Ɗauki guduma, da fartanya, da tsintsiya, da tocila mai sabon batir. Tantin da ba ka taɓa kafawa ba, kafa shi a gida tukuna, ka ƙirga sandunansa.

Zaɓen wuri

Ka isa da la'asar. A Disamba rana kan faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe 6, kuma almurunmu ba ya daɗewa, kafin ka ankara duhu ya rufe. Wanda ya zaɓi makwanci da tocila bai zaɓa ba, dace kawai ya yi ko akasinsa.

Ido yakan so kwari da fadama saboda ƙasar ta fi laushi, ga ruwa kusa. Nan ne kuskuren da muka yi a waccan shekarar. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, saboda haka da dare takan gangaro daga tudu ta kwanta a kwari kamar yadda ruwa ke yi. A nan raɓa ta fi sauka, a nan sauro ya fi yawa. Da damina kuma abin ya wuce batun jin daɗi. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos ya taso, don haka yana iya cikowa cikin dare alhali ko ɗigo bai sauka a inda kake ba. Haka ƙananan ƙoramu. Yashin ƙoramar da ta ƙafe yana da daɗin kwanciya, amma hanyar ruwa ce, kada ka kwana a cikinta. Ƙololuwar dutse ita ma ba ta da daɗi, iska za ta kwana tana kaɗa ka. Nemi ɗan tudu a tsakani, inda akwai abin da zai tare maka iska ta arewa maso gabas, domin daga can hunturu ke busowa: katanga, ko jerin bishiyoyi, ko gefen dutse.

Ɗaga kai ka dubi bishiyar da za ka kwana kusa da ita. In akwai busasshen reshe, matsa. Kogon kuka sau da yawa gidan zuma ne. Inuwar da shanu suka saba kwanciya a cikinta akwai kaska. Da damina kada ka raɓi doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili, saboda tsawa.

Sai ka sunkuyar da kai. Kauce wa suri, da ramuka, da tarin duwatsu, da tarin kara ko damman hatsi. Inda hatsi yake ɓera na nan, inda ɓera yake maciji na biye. Bi ƙasa da ido ka ga ko akwai layin tururuwa ko kwarkwasa, domin in ka shimfiɗa a kan hanyarsu ba za su canza ta saboda kai ba. Kada kuma ka sauka a kan turba ko burtali. Ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa matafiyi in zai yada zango da dare ya kauce wa hanya, domin nan dabbobi ke bi, nan kuma miyagun ƙwari ke fakewa. Duk wanda ya kwana a gona ya ga gaskiyar wannan da idonsa, ga kuma babur da ke iya ɓullowa ba fitila.

Wurin bahaya a ware shi tun da haske, nesa da ruwan sha kamar taku 70, ta ɓangaren da iska ba za ta kawo wari ba. A share hanyar zuwa can, kowa ya gan ta.

Ƙasa da shimfiɗa

Nan ne gundarin maganar, don haka zan ɗan daɗe.

Share wurin da tsintsiya, faɗinsa ya fi shimfiɗarka da taku ɗaya ta kowane gefe. Tsince duwatsu, tuge kututturan ciyawa da fartanya, kwashe ƙaya da tsidau da ƙarangiya. Bayan tsintsiya ka bi da tafin hannu a hankali. Tsakuwar da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, ita ce za ta tokare maka haƙarƙari da tsakar dare.

Daga nan shimfiɗa tabarma ka kwanta, tun ba ka kafa komai ba. Yi minti biyu a rigingine, ka juya dama, ka juya hagu. Jikinka zai gaya maka abin da ido bai gani ba. In wurin yana da ɗan gangare, kai ya kasance ta sama, ƙafa ta ƙasa. In ka sa kai a gangare za ka tashi da ciwon kai da toshewar hanci, in kuma ka kwanta a gicciye za ka kwana kana zamewa. Ga wata dabara da manoma suka sani: lura da inda ƙugunka ya taɓa ƙasa, ka ɗaga tabarmar, ka ɗan kwarfe wurin da fartanya, zurfin yatsu biyu zuwa uku, faɗin faranti. Ka yi wani ƙarami a inda kafaɗa ke sauka. Mai kwana ta gefe zai ji bambancin nan take, domin nauyin jiki ya daina taruwa a kan ƙashi biyu.

Yanzu shimfiɗa, hawa uku. Na farko mai hana danshi ne: tamfol ko leda mai kauri. Ko da rani ƙasa tana fitar da laima da dare. Na biyu mai raba ka da sanyin ƙasa. Na uku mai laushi.

Hawa na biyun nan shi mutane ke tsallakewa. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, ƙasa kuwa ta yi sanyi, kuma duk inda jiki ya manne da ita tana zuƙe ɗuminsa ba tsayawa har gari ya waye. Bargo ba shi da ɗumin kansa. Iskar da ta maƙale a cikin gashinsa ce ke riƙe ɗumin jikinka. Abin da ke samanka yana nan a buɗe da iskarsa, amma wanda ka danne da nauyinka ya matse, iskar ta fita. Shi ya sa ko jakar barci mai tsada ba ta hana sanyin ƙasa. Abin da ake so a ƙasa shi ne wanda ba ya matsewa gaba ɗaya. Kwali yana yi ƙwarai, musamman in ka jera biyu ko uku, saboda ramukan da ke cikinsa. Buhun da aka cusa wa busasshiyar ciyawa ko karan shinkafa ya fi shi, sai dai ka karkaɗe ciyawar da sanda da rana kafin ka sa hannu. Buzu kuwa ban ga kamarsa ba. Ba banza malamanmu matafiya suke yawo da shi ba: a kai za a yi salla, a kai za a zauna, da dare a sa shi daga kafaɗa zuwa ƙugu, inda jiki ya fi asarar ɗumi. In barguna biyu gare ka, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. In uku ne, ni biyu nake sawa a ƙasa.

A kan wannan sai katifa 'yar makaranta in kana da abin ɗaukarta, ko bargon da aka ninka. Katifar da ake hurawa tana da laushi, amma da hunturu iskar cikinta takan yi sanyi, dole a ɗora mata bargo a kai. Kada ka hura ta ta yi tauri kamar ƙwallo, bar ta ta ɗan lotsa in ka kwanta, kuma ka sani ƙaya ɗaya ta ishe ta. Gadon sojoji mai naɗewa yana da kyau da bazara da damina domin ya ɗaga ka daga ƙasa da ƙwarinta, amma da sanyi iska na bi ta ƙarƙashinsa, shi ma sai an shimfiɗa masa abu mai kauri.

Matashin kai ba sai ka ɗauko daga gida ba. Naɗe kayan da za ka sa gobe a cikin zani ko rigar filo. Tsayinsa ya cike tsakanin kafaɗa da kunne in ka kwanta ta gefe, yadda wuya zai miƙe. Mai ciwon baya ya sa ɗan ƙunshin tufafi tsakanin gwiwoyinsa, in kuma a rigingine yake kwana, ya sa a ƙarƙashinsu.

Rufi da gidan sauro

Ƙofar tanti ta kalli yamma ko kudu maso yamma. Hunturu daga arewa maso gabas yake zuwa, hadarinmu kuma galibi daga gabas yake tasowa, ka ga ka ba su baya duka biyun. Kafa turaku a karkace, kansu na kallon waje, ka ja igiyoyin su yi tsam. Tantin da ya saki zai kwana yana faf-faf a kunnenka. Tamfol ɗin ƙasa kada ya leƙo waje da gindin tanti, ninke shi ciki, in ba haka ba raɓa ko ruwan sama zai sauka a kansa ya gangaro ƙarƙashinka.

Ko ana muku-mukun sanyi kada ka toshe tanti ruf. Numfashin mutum yana ɗauke da danshi, in bai samu mafita ba zai taru a rufin ya riƙa ɗigowa, ka tashi bargo ya jiƙe. Bar 'yar kafa a sama. Ƙofar raga kuwa kullum a rufe take, ko minti ɗaya za ka fita.

In ba tanti, ɗaure igiya tsakanin bishiyoyi biyu ko sanduna, ka rataya tamfol a kai, ka turke gefen da iska ke bugowa har ƙasa. Zana guda da aka tsayar ta ɓangaren iska tana rage sanyi sosai. Ko ba komai ka samu wani abu tsakaninka da sama, domin wanda ya kwana a buɗe raɓa a kansa take sauka.

Gidan sauro ba zaɓi ba ne, musamman kusa da ruwa. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro da dare yake farauta. Ɗauki mai magani. In sabo ne, buɗe shi ka rataya a inuwa kwana ɗaya kafin tafiya, don kada ya sa maka ƙaiƙayin fuska. Ɗaura shi kafin magariba, ka cusa gefunansa ƙarƙashin shimfiɗa ta ko'ina, ka ɗaga shi yadda ba zai taɓa jiki ba, domin sauro na cizo ta cikin raga in fata ta manne da ita. Gidan sauron da aka cusa da kyau yana kuma tare kunama da sauran masu rarrafe, kuma sanin haka kaɗai yana sa mutum ya saki jiki.

Ciki da jiki

Ci abincin dare da wuri, mai ɗumi, wanda zai riƙe ka ba tare da ya yi maka nauyi ba. Mai yunwa ya fi jin sanyi, domin daga abinci jiki ke samun ɗuminsa. Kunu mai zafi kafin kwanciya yana da kyau. Shayi mai kauri da kofi da goro kuwa a bar su tun la'asar. Sinadarin da ke cikinsu mai hana barci yakan kai kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Na san hira a bakin wuta da shayi take daɗi, amma kofi uku na bayan isha'i su ne za su sa ka kwana ƙirga taurari. Sha ruwa sosai da rana, ka rage da dare, ka kewaya kafin ka kwanta ko ba ka ji matsuwa ba.

Canza kaya. Rigar da ka yini da ita tana da gumi ko ba ka ji ba, kuma danshin nan zai zame maka sanyi. Ware kayan barci busassu a cikin leda tun daga gida. Riguna biyu ko uku marasa nauyi sun fi ƙatuwa guda, domin za ka iya ragewa ko ƙarawa. Safa busasshiya mara matsi, da hula mai rufe kunne. Shafa man kaɗanya ko basilin a leɓe da ƙafa da hannu, kaushi da faso ma suna hana barci. Kada ka cusa fuska cikin bargo, numfashinka zai jiƙa shi. In ƙura ta dame ka, rufe hanci da rawani ko ƙyalle mara kauri.

Shiga shimfiɗa da ɗuminka. Ɗan zagaya da sauri, ko ka tsuguna ka miƙe sau goma, amma kada ka kai ga gumi. Zuba ruwan ɗumi a gora mai murfi mai kyau, ka naɗe ta da tsumma, ka sa wajen ƙafa. Ba tafasasshe ba, don kada robar ta narke ko ta ƙona ka.

Maganar gawayi

Wannan ina roƙo a riƙe ta da hannu biyu. Kada a shigar da kaskon gawayi cikin tanti, ko cikin mota, ko bukkar da aka toshe, ko da garwashin ya daina hayaƙi. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Takan fara da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya, sai dai a zo tashinsa a tarar ba shi. Haka hayaƙin janareta, a ajiye shi can nesa, bututunsa na kallon wani gefen. Maganin sauro na kunnawa shi ma a waje, nesa da gidan sauro da ciyawa.

Wutar jin ɗumi a hura ta aƙalla taku 5 daga tanti, ta gefen da iska za ta tafi da tartsatsi, a share ciyawar da ke kewaye da ita. Kafin a kwanta a kashe ta da ruwa, a tona tokar a sake zubawa, a rufe da ƙasa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a bar wuta a kunne a yi barci. Da hunturu ciyawa kamar an zuba mata fetur take, tartsatsi ɗaya na iya cinye gonar bayin Allah da suka ba ku masauki.

Lokacin kwanciya

Haska shimfiɗarka, ka kakkaɓe ta kamar yadda sunna ta koyar, domin ba ka san abin da ya hau bayan tashinka ba. A daji wannan ba ƙaramin abu ba ne. Karanta addu'ar sauka a masauki, "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma halaƙa", da sauran addu'o'in barci. Tocila da waya da buta da sanda su kasance wuri ɗaya kusa da kanka, inda hannu zai same su cikin duhu. Takalmi a cikin leda, a ɗaure. Ragowar abinci a rufe, a kai shi nesa da makwanci, kwanuka a wanke, in ba haka ba ka gayyato tururuwa da ɓera.

In kuna da yawa, ku raba gadi, mutum biyu-biyu, awa biyu-biyu. Wanda ya san akwai mai ido biyu yana barci da gaske. Yara a sa su tsakiya, a ƙara musu shimfiɗar ƙasa, domin sun fi manya saurin yin sanyi, kuma ba a rufe wa jariri fuska. Mata a ware musu wurinsu da sutura da fitila, da hanyar kewayawa tasu, kuma ba mai fita ita kaɗai. Dattijo a ba shi katifar da ta fi kauri da wurin da ya fi kusa da hanyar fita.

Daren farko kada ka damu in barcin ya zo a gutsure. A 2016 masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka sun nuna cewa a daren farko a baƙon wuri, ɓangare ɗaya na ƙwaƙwalwa ba ya nitsewa cikin barci kamar ɗayan, yana nan yana sauraro. Shi ya sa faɗuwar ganye ke tashin ka. Abin da ke taimakawa shi ne ka zauna shiru na ɗan lokaci bayan isha'i ka saurari daren, ka ba kowane sauti sunansa: wannan gyare ne, wancan kwaɗo, wancan mujiya, wancan kuma tamfol ne ke goga reshe. Sautin da ka gane ba ya firgita ka. Ajiye waya, haskenta na korar barci, ga cajin kana buƙatarsa. Dare na biyu ya fi na farko sauƙi nesa ba kusa ba.

Sanyi ya fi tsanani daf da fitowar rana. In ya tashe ka, kada ka kwanta kana jurewa. Sa hula in ta zame, ƙara wani abu a ƙarƙashinka ko da sallaya ce ko jakar kaya da ka zazzage, ci 'yar gyaɗa ko dabino, in fitsari ne tashi ka yi. Duk fitar dare da takalmi da tocila, kana haska inda za ka taka. Kububuwa da kasa ba sa gudu kamar sauran macizai, kwanciya suke yi, kuma launinsu ya saje da ƙasa. In tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko abin da zai matse in wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti nan take. Saboda haka tun da rana a san inda abin hawa yake da wanda makulli ke hannunsa.

In bazara ce ko damina

Da bazara a juya lissafin. Ƙasa da dutse sun sha rana, suna fitar da zafi har dare ya raba, don haka nemi inda inuwa ta yini, ka yayyafa ruwa da yamma, ka kwana a gidan sauro kaɗai inda iska ke ratsawa. Lokacin ne kunama ta fi fitowa, gado mai ƙafa ya fi. Da damina ka haƙa 'yar magudana ta gefen tudu don ta karkatar da ruwa, kayan barci su zauna cikin leda har lokacin kwanciya, kuma kada shimfiɗa ko jaka ta taɓa bangon tanti, ta nan ruwa ke tsattsafowa.

Da gari ya waye, zazzage takalmi kafin ka zura ƙafa, ko da a leda ya kwana. Ɗaga tamfol daga gefe ɗaya a hankali, kana jan sa zuwa gare ka yadda zai tsaya tsakaninka da abin da ke ƙasa, domin ɗumin da ka bari yana jawo baƙi. Shanya bargo da tanti su sha hantsi kafin ka naɗe, in kuma sauri ya hana, ka baza su da zarar ka isa gida, tantin da aka ajiye da danshi cikin 'yan kwanaki yake fumfuna. Mayar da ƙasar ramin ƙugu da ta magudana, taɓa tokar jiya da bayan hannu ka tabbatar ta huce, kwashe leda da gwangwani, ƙirga turakunka. Sannan ku biya ta wajen mai unguwa ku yi masa sallama kafin ku kama hanya.